Ƙoshiyar da Ba a Ajiyewa

An sake rataya ƙyalle a ƙofar majami'armu. Na bana ya fi na bara girma, har ya toshe tagar da iska ke shigo mana, mu tsofaffin bencin baya. An rubuta da Turanci wai mako mai zuwa wuta za ta sauko daga sama, ga hoton baƙon mai wa'azi cikin kwat mai ƙyalli, yana nuna ka da yatsa kamar kai ka sace masa akuya. Taron farkaswa ke nan. Kowace shekara muna yi, a yi hayar lasifika mai girman ɗakin amarya, a tada janareta, a yi ta kiran wuta har kajin unguwa su daina ƙwai. Ni dai wutar da na gani da idona ita ce wadda ta kama wayar janareta wata shekara, aka kashe ta da ruwan leda. Kada ku ce reni nake yi. Ni ma ina roƙon Allah ya farkar da ikilisiyarsa, na fara roƙon nan tun iyayen waɗannan yaran ba su san juna ba. Abin da ya dame ni daban ne. Akwai wani guntun itace a aljihuna. Ɗana na fari ya ce ƙarshen wata zai zo da mota ya mai da ni ƙauye, tun da uwarsu ta rasu, ga hawan jini, ga ido ya fara hazo. Ni kuwa ba ni da ikon barin Kaduna sai na sa itacen nan a hannun wani.

Bari in koma baya, don yaran yanzu in ka ce masu masaƙa sai su tambaye ka ko a waya ake saukar da ita. A zamaninmu, wannan gefen kogi, daga Kakuri zuwa Nasarawa har Makera, ba agogo ke tashe mu ba, jiniyar kamfanin saƙa yadi ce. In ta yi kuka da safe, jaririn da ke ciki ma sai ya juya. Kekuna su cika titi baki da baki, in ka faɗi a tsakiya ba za ka taɓa ƙasa ba, a bayan keken wani za ka isa get, wato ƙofar kamfani. Masu shiga suna ƙamshin sabulu, masu fita kansu fari fat da ƙurar auduga, saurayi ya fito kamar kakansa. Daga ko'ina muka zo, 'yan Filato, 'yan Binuwai, mu na wajen jihar Nasarawa ta yanzu, kowa da yarensa. Hausa ce ta haɗa mu, ita ma mun karya mata ƙafa mun ɗaure da tsumma, amma ta kai mu inda za mu. Kuma dukanmu rabin kurame ne. Ƙarar injin saƙa ta cinye mana kunne, shi ya sa in ɗan masaƙa ya ja ka gefe zai gaya maka asiri a Kakuri, mutanen Unguwar Mu'azu ma sun ji. Yanzu ka bi ta wajen, ciyawa ta fi katanga tsawo, kwanon rufi ya bi 'yan jari-bola, akuyoyi ne ke shif a ciki, wasu su shiga wasu su fita.

A ɗakin saƙa akwai doka ɗaya da ko mahaukaci bai taɓa karyawa ba. Ba ka barin injinka sai rilifanka ya zo, wato wanda zai karɓe ka. Jiniya ta yi kuka ta gaji ta yi shiru, ba ruwanka. Matarka na naƙuda, fitsari ya kai maka wuya, kana nan a tsaye. Tun da ba a jin magana a wurin, rilifa ba ya sallama, hannu yake ɗora maka a kafaɗa. In ka ji hannun nan ka juya, ka nuna masa zare bai tsinke ba, shi ke nan ka koma ɗan Adam. Allah ya sani, hannun mace bai taɓa yi mani daɗin hannun rilifa ba, matata tana da rai na faɗa mata, ta jefe ni da muciya.

Majami'armu ta ƙasa ce a lokacin, bencinan katakon akwati, in ka motsa ƙusa ta gaishe ka. Cike take ran Lahadi, amma kada wani tsoho ya ruɗe ku wai mu tsarkaka ne. 'Yan Filato a dama, 'yan Binuwai a hagu, mu masu ƙananan yaruka mu cusa kai inda aka bar rami. Asabar a gidan burkutu, Lahadi a teburin Ubangiji. In maza suka buɗe baki za a yi waƙa, ƙudan da ya gifta sai ya bugu. Ba mu da fasto, Baba Mai Bishara ke riƙe da mu, wani ɗan tsoho ƙanƙane da takalmin roba, wanda bai taɓa shiga kamfani ba. Shi ba ya ihu. Yakan dube mu ya ce, "Kuna zuwa sujada kamar yadda kuke zuwa get, a ga fuskarku kawai a ce kun zo. Gawa ma in an kawo ta nan tana zama shiru har a tashi." Sai mu ce amin, don rabinmu ba mu ji abin da ya ce ba.

Ya kira addu'ar farkaswa da safe, aka ce rabin mutane suna aiki. Ya mai da ita yamma, aka ce ɗaya rabin sun shiga. Rannan bayan sujada ya tare dattawa a gindin mangwaro.

"Injin nan naku yaushe yake hutawa?"

"Ba ya hutawa, Baba."

"To ku da kuke barci kamar an biya ku, ta yaya?"

Aka ba shi labarin rilifa. Ya sosa gemu ya ce, "Ashe injin kamfani yana da mai tsaya masa dare da rana, Allah ne ba shi da shi."

Da haka addu'a ta koma shif, wani ya karɓi wani kamar a kamfani. Aka samo wata tsohuwar ƙoshiya da ta tsage aka yar, guntun itacen nan mai tsini biyu kamar ɗan kwalekwale, wanda ke ɗaukar zare yana kai da komowa a cikin inji. Wani dattijo ya ce kada fa mutane su ce mun fara laya. Baba ya ce, "Itace ce, in sanyi ya matsa a iya hura wuta da ita. Amfaninta ɗaya. Wanda take hannunsa ya san shi ne a bakin aiki, ba shi da wanda zai ɗora wa laifi." Dokar kuwa irin tamu ce sak. Ka durƙusa a bencin gaba, ƙoshiya a hannu, roƙo ɗaya, Allah ya farkar da mu. Ba ka tashi, ba ka ajiye ta a benci ko a ƙasa, sai ka ji hannu a kafaɗa. Mai karɓa ya ce, "Zare fa?" Ka ce, "Bai tsinke ba." Sa'an nan ka miƙa masa. Wanda bai yi aikin masaƙa ba zai ce hauka ne, mu kuwa wannan ce hanyar da muka sani ta riƙe abu kada ya tsaya.

Ni abin da ya kai ni ba ruhaniya ba ce, wata Rifkatu ce a cikin mawaƙa, wadda ta ce ba ta kula saurayin da gwiwarsa ba ta da kanta. Na je neman kanta na samu mata, ban yi asara ba. Rilifana kuwa wani abokina ne, Bulus, amma ba wanda ya san shi sai da Gajere. Mutumin nan bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba, ina jin haihuwarsa ma sai da aka aika a kira shi. Zan gama roƙon farkaswa, in yi wa dangi, in yi wa gwamnati, in yi wa marasa lafiya, in koma kan awakin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan in ji hannunsa, yana warin ƙosai.

"Zare fa?"

"Bai tsinke ba, gwiwata ce ta mutu, har an yi zaman makoki. Ina ka tsaya?"

"Taya ce ta yi faci."

"Jiya ma faci ka ce."

"To kai ai ka fi kowa bukatar daɗewa a gaban Allah. Taimakonka nake yi, ba ka gode ba."

Muka yi ta yi, damina ta wuce, wata ta zo, ba mu ga komai ba. Mu wuta muke jira, ko girgizar ƙasa, ko dai wani abu mai ƙara kamar jiniya wanda kurma zai ji.

Akwai kuma wani abu da kowa ya sani, ba mai faɗa. Mutum ya shiga get da safe siriri kamar kara, ya fito da ciki wata tara. Yadi ne ake naɗewa a ciki, a ɗora rigar aiki a kai. Yawancin zannuwan zumuntar mata ta cikin mazansu suka fito, har ƙyallen da ke kan teburin wa'azi, gara kada a tambayi asalinsa. Ni abin da ya cece ni ba tsarki ba ne, rama ce. Mai gadi yana ƙirga haƙarƙarina ta cikin riga, ko hankici na naɗa sai an gani daga gada.

A cikin dattawanmu akwai biyu da ba sa gaisawa. Ɗaya Baba Iliya, mutumin Filato, mai gyaran inji, mutum shiru-shiru. Ɗayan sufabaiza ne ɗan Binuwai, muna ce masa Oga Tumbi, mai muryar da in ya ja waƙa kwanon rufi ke amsawa. An taɓa kama ƙanen Baba Iliya a get da yadi a ciki, kuma Oga Tumbi ne ya nuna shi. Aka kori yaron, ya koma gida da kunya, ya shiga haƙar kuza, rami ya rufta da shi. Tun daga nan in Oga ya bi ta ƙofar gaba, Baba Iliya ta baya yake fita. Jibin Ubangiji ma sai a bar benci guda tsakaninsu.

To shif yana juyawa, rannan ya juyo ya haɗa su. Har yau ina zargin Baba Mai Bishara da hannu a ciki, don shi ke riƙe da jerin a kansa, amma ya tafi da amsarsa. Mun fito aikin dare da safe, ni da Gajere muna shan shayi wurin Malam, wani mutumin Makera da ke da tebur a bakin majami'a. Malam Musulmi ne, ba ya shiga, amma ya san juyin addu'armu fiye da mu, shi ke ce wa mutum, "Sha da sauri, ɗan'uwanka gwiwarsa ta gaji." Ranar sai ya rage murya ya ce, "Samari, kun san wa zai karɓi wa yau?" Muka waiga, ga Oga Tumbi ya jingine keke, kai tsaye daga get, cikinsa na gaba yana biye. Muka ɗauki kofunanmu muka bi shi, mu kallo ya kai mu.

Mata suna shara a ciki, Baba Mai Bishara na zaune a gefe. Baba Iliya na durƙushe a gaba, ido a rufe. Oga ya tsaya a bayansa ya daɗe, sa'an nan ya ɗora hannu.

"Zare fa?"

Baba Iliya ya buɗe ido, ya kalli hannun, bai kalli mai hannun ba.

"Ɗauke."

"Dattijo, ni ne rilifanka yau."

"Na ji. Ba zan sa aikin Allah a hannun da ya nuna ƙanena ba. In mutu a nan ya fi."

Tsintsiya ta tsaya. Jiniya ta biyu ta yi kuka, ta masu gyara, wadda ya kamata ta sami Baba Iliya a get. Bai motsa ba. In ya tashi da ƙoshiya ya karya doka, in ya ajiye ta ya tsinke zare, in ya zauna aikinsa na cikin haɗari, ga 'ya'ya cike da ɗaki. Kowa ya juya wajen Baba Mai Bishara a ji hukunci. Tsohon nan yana kallon farcen ƙafarsa kamar yau ya fara ganinsa. Labari ya zaga unguwa, mutane suka fara cika ƙofa da taga, mai goyo, mai tsumman wanka, mai buroshi a baki. Shayinmu ya huce a hannu.

Can sai muka ga Oga Tumbi ya fara ɓalle maɓallan rigar aikinsa. Gajere ya raɗa mani, irin raɗar masaƙa da kowa ya ji, "Dambe za a yi." Ba dambe ba ne. Ya zaro bakin yadi daga ƙugunsa, ya miƙa wa wata mai shara ya ce, "Mama, riƙe." Sai ya fara juyawa. Yana juyawa yadi na warwarewa, sabo fil, mai zanen ganye, yana zuba a ƙasa. Na sha ƙara gishiri a labari, amma wannan ban ƙara ba, mutumin nan ya yi ta juyawa har muka ga tumbin da muka sa masa suna da shi ya ƙare. Wanda ya rage a tsaye wani ramammen tsoho ne da singileti, fatar cikinsa duk shaidar ɗauri, yana haki.

"Iliya," ya ce, muryar nan tasa ta bas ta koma ta yaro. "An fara kallon cikina a get. Na nuna ƙanenka don a daina kallona. Ranar da aka kama shi, abin da ke jikina ya fi nasa. Ba na ce ka yafe ba. Amma ka makara, ba ni in riƙe, ka je aiki."

Baba Iliya ya daɗe yana kallon tarin yadin. Ni na ɗauka zai soka masa tsinin ƙoshiyar ne, kuma da ya yi, da ba wanda zai riƙe shi. Sai ya ce, "Sake tambaya."

"Zare fa?"

"Saura kaɗan. Amma bai tsinke ba."

Baba Iliya ya sa masa ita a hannu, bai saki ba, Oga ma bai saki ba, suka durƙusa tare. Matar da ke riƙe da bakin yadin ta kalli abin da ke hannunta, ta kalli zanen da ke ƙugunta, zane iri ɗaya. Ta fashe da kuka. Daga nan ban san wa ya fara ba. Ba ganga, ba waƙa, ba mai wa'azi. Mutane suka riƙa sulalewa gida suna dawowa da ƙunshi, daga ƙarƙashin katifa, daga cikin rufi, daga akwatin aure. Baba Mai Bishara ya tashi da kansa ya yaye ƙyallen teburin wa'azi ya ɗora a kan tarin. Abin da ya ce ke nan duk ranar, "Kun roƙi wuta. To ga ta, ku ji yadda take." Kafin rana ta take, an ɗora kaya a kan kekuna an nufi get, masu gadi suka ga abin da ba su taɓa gani ba, yadi yana komawa ciki da ƙafarsa. Malam ya bar teburinsa ya tsaya a bakin titi, hularsa a hannu.

Kada ku ɗauka daɗi ne. An kori wasu. Oga na cikinsu, ya koma noma a Kakau, bai sake yin ƙiba ba har ya mutu, amma sunan bai bar shi ba. Baba Iliya yakan hau keke ya kai masa gishiri da sabulu. An yi Kirsimeti da tsofaffin zannuwa, mata ba su yi ƙorafi a fili ba. Mai burkutu da kasuwarta ta mutu ta zo har ƙofar majami'a ta zage mu tas. Amma ran Lahadi ka shiga ba ka san ina ne dama ina ne hagu ba, an cakuɗe. Waƙa kuwa, mu kurame da muryoyin injin niƙa, in muka ɗauka sai ka ji gashin jikinka ya tashi. Abin da na sani ke nan game da farkaswa. Ba ta zo da ƙara ba, tuɓe mu ta yi a gaban juna.

Bayan nan ba mu daina juyin ba, don Baba ya ce wanda aka tasa yana iya komawa barci. Sai jiniya ta fara tsallake kwana, rannan ta yi shiru gaba ɗaya. Na daɗe ina farkawa a lokacinta ina jiran kukan da ba zai zo ba. Mutane suka watse, wasu acaɓa, wasu gadi, wasu ƙauye, da yawa maƙabarta. Gari ya yi rikicinsa, aka raba mu da kogi kamar an raba gado, Kirista nan Musulmi can, Malam ya ɗauke teburinsa ya haye, ban sake shan shayi mai daɗi ba. Majami'a ta zama ta siminti da tayil da fanka, sujadar Hausa aka tura ta sassafe, a gama da mu kafin masu Turanci su iso. Masu riƙe ƙoshiya muka yi ta raguwa. Juyi ya koma na yini, ya koma na mako, ya zamana da ita kake tafiya gida, tana aljihu kana roƙo a zuci, in za ka yi wanka ka rataya ta a wuya da igiya, in za ka kwanta ka ɗaura a hannu. Da safe ka zo bencin gaba. A ƙarshe muka rage ni da Gajere, tsofaffi biyu suna miƙa wa juna itace, yara suna dariya.

Da ciwo ya kwantar da Gajere, ƙoshiyar tana hannunsa. Na je na same shi ya ƙanƙame ta a ƙirji, 'yarsa ta ce ko allura za a yi masa ba ya saki. Na ɗora masa hannu a kafaɗa, ƙashi zalla.

"Zare fa?"

"Kai ma yau ka makara," ya ce. "Bai tsinke ba. Amma ya yi siriri, ɗan'uwa."

Kwana kaɗan ya tafi. Wuri ɗaya ke nan a duniya da Gajere ya riga ni zuwa.

Tun daga nan nake yawo da ita kamar mai tallan abin da ba a saye. Shugaban matasa ya ce su ma suna da sarƙar addu'a, a waya, in juyinka ya zo sai ka tura hoton hannu biyu a haɗe. Na ce in ka tura kana kwance fa, wa ya sani? Ya ce, "Baba, Allah ya sani." Na ce ai matsalar ke nan. Jikata ta ce za ta karɓa in an gama jarrabawa, an gama, yanzu sakamako take jira. Ba mugaye ba ne yaran nan. Suna azumi, suna ihu a gaban Allah har murya ta dushe. Amma kowa da Allahnsa shi kaɗai, ba wanda ke jiran wani, ba wanda gwiwarsa ke ciwo saboda ɗan'uwansa ya makara.

Shekaranjiya na tare Fasto bayan addu'ar safe. Yaro ne mai kirki, sa'an ɗana na uku, aiki ya yi masa yawa har wuyan rigarsa ya yi masa faɗi. Na ba shi labarin nan duka, ya saurara, idonsa har ya kawo ruwa.

"Baba, wannan ai tarihi ne. Bari mu sa ta a gilashi, a nuna wa baƙo ranar taro."

"Fasto, gawa ake sa wa a akwati. Wannan hannu take so."

"To kawo, Baba, na karɓa."

"Ba haka ake yi ba."

Na ja shi bencin gaba, na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara kamar ana karya itace. Na koya masa abin da zai ce. Na rufe ido. Da na ji hannun nan a kafaɗata, ku yarda da ni, sai da na ji warin auduga. Ya ce, "Zare fa?" yana ɗan jin kunya. Na ce bai tsinke ba, na sa masa ita a tafin hannu. Jikina ya yi sakayau kamar an sauke mani buhu. Na fara tunanin ƙauye, da inuwar ɗorawa, da kunun da surukata za ta dama mani.

Sai wayarsa ta yi ƙara. Mai lasifika ne, wai motarsu ta lalace a hanya. Fasto ya ce, "Baba, yi haƙuri kaɗan," ya lalubi aljihu, ɗaya hannun da Littafi, sai ya ajiye ƙoshiyar a kan benci.

Ƙwas. Ni da ba na jin kiran jikata daga tsakar gida, wannan na ji shi har cikin haƙori. Tun ranar da aka ɗauko ta daga bola ba ta taɓa kwanciya ita kaɗai ba. Ta bi hannun mashaya da ɓarayin yadi, ta kwana a asibiti, ta tsallake rikici a cikin zanen mata, ba ta taɓa katako ba sai a hannun mai digiri, a majami'a mai tayil. Bai ma lura ba, yana bakin taga yana cewa a nemi wata mota. Na miƙa hannu na ɗauka. Da ya gama ya juyo yana neman ta.

"Baba, ina take?"

"Tana wurin aiki. Je ka, Fasto, mutane na jiranka."

Ban yi fushi da shi ba. Shi abin da aka koya masa ya yi, ya tara mutane wuta ta sauko. Ko zaren ya tsinke a ɗan lokacin nan, ban sani ba. A masaƙa in ya tsinke ƙullawa muke yi inji ya ci gaba, sai dai tabon yana nan a jikin yadi, mai ido yana gani.

Jiya ɗana ya kira.

"Baba, ka fara haɗa kaya?"

"Kada ka ɓata man motarka. Rilifana bai zo ba."

"Wane rilifa kuma, Baba? Baba Gajere ai ya rasu."

"Na sani, ni na fara zuba ƙasa. Wani nake jira."

"In bai zo ba fa? In ka faɗi a ɗaki kai kaɗai, wa zai sani?"

Na ce masa jiniya ba ta sallamar mutum, hannu ke sallama. Na ji yana gaya wa matarsa tsohon ya fara rikicewa. Wataƙila gaskiyarsa.

Mako mai zuwa za a yi taro, zan zo, zan zauna a baya in toshe kunnen da ya rage, in ce amin da zuciya ɗaya, don Allah yana iya komai, har da lasifika. Da safe kuma, kafin a buɗe ofis, ina bencin gaba. Yanzu a zaune nake yi, gwiwa ta ajiye aiki ba ta nemi izini ba. Roƙon bai canja ba, Allah ya farkar da mu. In na ji motsi a bayana sai in gyara kafaɗa, yawanci mai shara ce take so in ɗaga ƙafa. Na san akwai hannu ɗaya da ba ya fasa zuwa, ya karɓi Baba Iliya, ya karɓi Rifkatu, ya karɓi Gajere, ba na tsoronsa. Sai dai shi mutum yake ɗauka, ba ya karɓar ƙoshiya. Ranar da yatsuna za su saki, ban san wa zai tare ta kafin ta kai ƙasa ba.